Motar Ɗana Ta Yi Tsayi, Muka Dawo Ta Ruwa

Ku matso kusa, jikokina da na maƙwabta, ku ara mini kunnuwanku.

Mun tashi da asuba daga Yelwa, ni da ɗana na fari, za mu ɗauko yayana a wani ƙauyen masunta da ke bakin tafki, ƙasar Ngaski. Ƙugiya ce ta soke shi a ƙafa, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Saƙo ya zo cewa in ba a kai shi asibiti ranar ba, sai dai wani zancen.

Motar ɗana irin mai ja da ƙafa huɗu ce, ta hannu ya saya, ta shekara tana dakon shinkafa daga Shanga. Da damina ta kankama ya kai aka ɗaga ta, wai don kada cikinta ya riƙa gogar laka. Ta yi tsayin da sai da aka kifa mini turmi na taka kafin na shiga.

Na riƙo wa yayana kunu cikin kwano. Muna tsaye a gidan mai, ƙasa shimfiɗe, na buɗe kwanon na ga kunun ya taru gefen hagu. Na ce wa ɗana motar nan ta karkace. Ya yi dariya ya ce, "Inna, cinyarki ce ta karkace." Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Kan kwalta abin da sauƙi. Mun wuce gonakin shinkafa kore shar, da mata masu tallar bandar kifi, wanda tsadarsa bana ta sa sai dai ka shaƙi ƙamshi ka wuce. Da muka sauka hanyar laka, nan idona ya raina fata. Duk kwanar da muka sha, motar sai ta kwanta hagu kamar za ta yi sujada. A wata gangara, ruwa na ƙasanmu, na ji tayar dama ta bar ƙasa. Na kama salati. Ɗana ya daina dariya.

Da hantsi muka isa wani gari kafin ƙauyen, ya tsaya wurin wani dattijon bakanike. Mutumin ya sa aka kai motar wuri mai daidai, ya ɗauko abin awo, ya auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin madigadi, ƙarfen nan da ke saman taya. Bayan hagu ya gaza na dama da yatsa huɗu.

"Wanda ya ɗaga ta, ya auna ta tukuna? Ya duba tsayin da kamfani ya ba ta?"

Ɗana ya sunkuyar da kai.

"Sifirin ɗin nan, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar, ya gaji tun wajen dako. Kun ɗora tsayi a kan gajiya. Alhaji, ko buhu ba zan ce ka ɗauka ba, balle majinyaci."

Gyara sai gobe, in ji shi. Yayana kuwa ba shi da gobe. Muka bar motar, muka hau babur zuwa ƙauyen. Na same shi kwance, jiki zafi rau, bai gane ni ba. Masunta suka ce hanya ɗaya ta rage, jirgin ruwa mai inji. Ni da rabona da jirgi tun ina budurwa, saboda tsoro. Aka saka yayana, ni ma na shiga. Na ɗora kansa a cinyata, na rufe ido, ban buɗe ba sai da na ji hayaniyar bakin ruwan Yelwa. Ana kiran la'asar muka shiga asibiti.

Abin da na koyo shi ne, kafin ka ƙara wa abu tsayi, ka san inda yake tsaye.

Ɗana ya koma bayan kwana biyu, aka sauke motar, aka canza sifirin, aka auna, sannan aka ɗaga ta kaɗan. Dattijon bakanike na aika masa goro. Ni ga ni, gwiwa na ciwo. Yayana an yanke masa yatsu biyu, an bar masa ƙafar. Jiya ya tambaye ni ko an kula masa da komarsa ta kamun kifi.