Malama Habi, Wadda Ta Ƙi a Cire Kausar Daga Makaranta

Shekara talatin da biyu ke nan Malama Habi na riga kowa isa firamaren da take koyarwa a Kurawa. Ta buɗe tagogi, ta goge allo, sannan ta tsaya bakin ƙofa tana kiran yara da sunayensu. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma ban yarda ta tafi shiru ba.

Ajina na jikin nata, don haka da idona na ga al'amarin Kausar. Yarinyar tana aji huɗu a lokacin. Lissafin da 'yan aji shida ke kokawa da shi, ita a ka take yin sa, kuma duk shafin da ta karanta sau ɗaya ya zauna mata. Amma a tambaye ta me ya sa mutumin cikin labari ya yi fushi, sai ta yi tsit. In aji ya ɗauki karatu da ƙarfi, sai ta toshe kunne ta shige ƙarƙashin benci. Ba ta iya gaisuwa ba. Mu malamai muka ce taurin kai ne, cikin gari aka ce iskoki.

Wata Litinin mahaifinta, Malam Sodangi, ya zo daga gona.

"Malama, za ni cire ta. Surutun mutane ya ishe ni."

"Malam, ɗiyarka ba ta da iskoki," in ji ta. "Ka ba ni zango guda. Za ni kai ta Sakkwato a duba ta, uwarta ta raka mu."

"Da hanyar ga yadda take?"

"Haka nan za mu bi ta."

Sau uku suka bi motar haya, a lokacin da mutane ke tsoron hanya. Likitoci suka tambayi uwar yadda yarinyar ta fara magana, suka gwada tunaninta da hotuna da tambayoyi. Suka ce otizim ne, wanda wasu ke kira galahanga, irin wanda basira ke nan daram. Wahalarta hayaniya ce, da sauyin da ba a sanar da ita ba, da gane nufin mutane.

Malama ta dawo ta sake tsari. Ta mayar da Kausar kusa da taga, ta rubuta mata jadawalin kowace rana a kati, tana ba ta umarni ɗaya bayan ɗaya. A lokacin tara suke koyon gaisuwa. Ta tara mu ta ce duk mai ɗaga wa yarinyar bulala, da ita zai yi.

Yau Kausar na koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje a Sakkwato. Har yanzu ba ta son taron biki, kuma ba wanda ke tilasta mata.

Malama, ke ce kika tsaya kika duba lokacin da muka riga muka yanke hukunci. Uwar yara, mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Malamai 'yan uwana na yankunan Isa da Sabon Birni, kafin ku kira yaro dolo ko mai taurin kai, ku zauna da shi, ku kira iyayensa, ku nemi a duba shi. Ni na fara. A ajina akwai wani yaro, Jamaluddeen, kuma ranar Alhamis za mu tafi Sakkwato a duba shi.