Fuskar Innata a Darasin Turanci

Ghana ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba aka sa ni makarantar boko. Muna zaune a unguwar Nima, a wani gidan haya mai ɗakuna jere, kusa da babbar kwata. Babana mai fataucin goro ne daga arewacin Nijeriya. Innata kuwa daga arewacin Ghana ta zo, kuma kowace safiya tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Doguwa ce, baƙa wuluk, da tsaga a kumatu irin ta danginsu.

Da muka shiga aji biyu aka raba mana littafin koyon Turanci, kowane benci guda ɗaya. Daga ƙasar Turawa aka kawo shi. A ciki akwai yarinya mai gashi ruwan zinariya, da ƙanenta mai jan kumatu, da karensu, da wani ɗan itace da suke ci wanda ba a sayar da shi a kasuwarmu. Muna son littafin ƙwarai, har rigima muke yi a kan wanda zai riƙe shi.

Ana nan sai muka kai shafin kishiyoyin kalmomi: dogo da gajere, mai tsabta da ƙazami, kyakkyawa da mummuna. A saman kalmar kyakkyawa an zana Baturiya riƙe da laima. A saman ƙazami, baƙin yaro ne ba takalmi. A saman mummuna kuwa baƙar mace ce da ɗaurin zane, da tire a ka, an yi mata leɓe kamar faifai, an ja mata layuka a kumatu.

Wani yaro da ke bayana ya dangwala yatsa a hoton ya ce, "Ga mai koko." Ajin ya ɗauki dariya, don kusan kowa a wurin innata yake karyawa. Ranar ko abincin rana ban ci ba.

Kashegari malamarmu, wadda muke kira Madam, ta ce in tashi in karanta shafin. Budurwa ce 'yar ƙabilar Ga, daga unguwar Alajo take zuwa, ba ta daɗe da fitowa kwalejin malamai ba. Na miƙe, amma na ƙi karantawa.

"Ke nake jira," in ji ta, tana buga bulala a tebur.

"Ba zan karanta wannan ba, Madam."

"Saboda me?"

Na haɗa ɗan Turancina da yaren Ga da Hausa na ce, "Innata ba mummuna ba ce."

Na rufe ido ina jiran bulala, ba ta sauka ba. Da na buɗe sai na ga Madam ta ɗauki littafin ta ƙura wa shafin ido. Sannan ta ce a hankali, "Da wannan littafin aka koya mini ni ma. Ku rufe, mu yi lissafi."

Da la'asar sai ga ta a gidanmu. Inna ta tsorata, ta ɗauka laifi na yi. Madam ta zauna a kujera 'yar tsugunne, ta buɗe shafin, ta bayyana abin da ya faru da Hausarta ta zango, irin wadda ake yi a unguwarmu. Inna ta juya littafin sama da ƙasa, ta yi dariya, ta ce, "Wanda ya zana wannan, da jin labari ya san mu." Amma na ga ta kai hannu ta shafa kumatunta.

Kawuna, ƙanen inna, yana gidan ranar. Aikinsa zanen manyan motoci a tashar Sakul, shi ke yi musu zaki da mikiya da rubutu a goshi. Ya tambayi Madam ko dole ne sai da waɗannan hotuna. Ta ce kalmomin ne dole, don su ake tambaya a jarrabawa, hotunan kuwa ba wanda ya ɗora mata su. Kawu ya ce, "To, ki ba ni kalmomin, ni zan kawo mutanen."

Ya samo guntayen falanki wurin kafinta, ya kwaso ragowar fentin mota. Duk Lahadi tsakar gidanmu ya koma wurin zane, Madam tana rubuta kalmomi da alli, shi yana bi da buroshi. Dogo ya zama maigadin kanti na layinmu, gajere ya zama wanzamin bakin masallaci, wanda ya yi ta ƙorafi amma ya zo ya tsaya da kansa. A kan ƙazanta aka zana kwatarmu, ba wanda ya yi musu. Da aka zo kan muni Madam ta ce ba za a sa fuskar ɗan Adam ba, sai kawu ya zana ungulu a kan juji.

Saura kyakkyawa. Madam ta ce inna take so. Inna ta ce Allah ya kiyaye, da girmanta a rataye ta a bango. Sai da baba ya sa baki, ya ce, "Ki zauna mana, ai ba ƙarya za a rubuta ba." Ta shige ɗaki tana tsaki, ta fito da zanenta na sallah da ɗankwali shuɗi.

"Yaya, in sa tsagar?" in ji kawu.

"In ka cire ta, to wa ka zana?"

Hedimasta bai so abin ba da fari, yana tsoron kada a ce an bar littafin gwamnati. Madam ta roƙe shi ya bari zuwa bikin ƙarshen shekara, ranar da iyaye ke zuwa, har da wani jami'i daga ofishin ilimi.

Ranar filin makaranta ya cika. Muka jeru, kowa da allonsa, ana ɗagawa ana karantawa. Da aka ɗaga wanzami mutane suka yi ta dariya, shi kuwa ya miƙe yana gaisuwa. Allon inna, Madam ta ba yaron nan da ya yi mini ba'a, ta ce ya ɗaga shi sama yadda na baya za su gani. Ya ɗaga. Na fito gaba na karanta da Turanci, da ƙarfi, cewa wannan innata ce, tana sayar da koko, kuma kyakkyawa ce. Madam ta sa na maimaita da Hausa. Kafin in rufe baki wata maƙwabciyarmu ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka kama. Inna ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta na motsi.

Jami'in ya zagaya ya duba allunan ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko za a ara wa wata makaranta a Mamobi. Hedimasta ya amsa da sauri, kamar shi ya kawo shawarar tun farko. Kawu ya yi ta zanen sababbi har damina ta faɗi.

Daga nan masu sayen koko suka daina kiran inna mai koko. 'Yan dako da direbobi da tsofaffin da ba su taɓa taka aji ba, kowa da kalmar Turancin nan mai nufin kyakkyawa yake gaishe ta, kowa da irin yadda harshensa ya iya lanƙwasa ta. Ita kuwa sai ta haɗe rai ta ce, "Miƙo kwanonka, akwai mutane a bayanka."