Ba Modu Tela da Shimfiɗa Mai Gam

Ni dai kun san ni, Sule mai kifi na kasuwar Baga Road, ba na barin magana ta kai ƙarshe. Ko a makaranta haka na yi: malam na tsakiyar bayani na ce na gane, na fita, ban sake komawa ba. To mai wannan halin ne Allah ya haɗa abota da marigayi Ba Modu Tela na Abbaganaram, mutumin da ko ruwa ka miƙa masa sai ya ce, "Tsaya tukuna." Ni Bafulatanin Kano, shi Babarbare, kun ga akwai wasa a tsakani. Ina ce masa bawana, yana ce mini Fulata mai warin banda. A haka muka yi furfura a kan bencin zaurensa, inda yake ɗinki.

Wannan "tsaya tukuna" ta taɓa tare wani Alhaji a hanyar Idi. Ba Modu ne ya ɗinka masa babbar riga, sai ya hango shi tafe yana taƙama, aljihu a karkace. Ya sha gabansa da reza a hannu.

"Alhaji, tsaya tukuna."

"Haba Modu, za a tayar da salla!"

"To da wannan aljihun za ka tsaya gaban Allah?"

A kan titi ya farke shi. Alhaji ya yi Idi ba aljihu, goronsa a cikin hula.

Ƙyalle kuwa, ko kamar farce yake, ba ya ganin shara. Buhu-buhu ya tara. Wata rana na ɗauki wani na goge man kifi a hannuna, sai na ji tsawa.

"Ajiye! Daga rigar sunan Bukar aka yanko shi."

"Wane Bukar?"

"Wanda ya aurar da 'yarsa bara."

Wallahi sai da na wanke shi da sabulu na shanya.

Da waɗannan ƙyallayen yake ɗinka bargo. Ya haɗa wannan da wancan, ya buɗe ɗinkin ya goge ya kwanta, sannan ya ƙara wani, a ƙarshe ya sa auduga a tsakiya ya bi da layi. Teburin gugarsa kuwa wani tsohon gwado ne a kai, duk ƙuna, ya girmi 'ya'yansa.

Bayan rasuwar matarsa, Ya Kaltum, aka sa ranar autarsu Yagana. Sai ya ɗebo zannuwan marigayiya ya ce da su zai yi wa yarinya bargon aure. A tsakiya ya sa yankin wata koriyar lafaya, mayafin nan na matan Barebari, wadda aka kawo Ya Kaltum gidansa da ita. Ta tsufa ta yi laushi kamar ɓawon albasa. Ko ni, in na matso sai ya ce in ja baya, numfashina na kifi ne.

Yagana ta lura gwadon nan ya fara barin baƙi a farin yadi. Sai ta yi oda ta waya, aka kawo wata shimfiɗar teburin guga ta zamani. Samanta na ƙyalli kamar azurfa, bayanta gam ne an rufe da takarda. Ka ɓare, ka manna, shi ke nan.

Ba Modu ya juya ta ya sake juyawa. "In ta karkace fa, ta ina ake farkewa?"

"Ba a farkewa, Baba. Sau ɗaya take kamawa."

"Abin da ba a farkewa ba na tela ba ne. Tsaya tukuna."

Haka ta zauna a naɗe har ranar jere, ranar da mata za su kai kayan ɗaki gidan ango a unguwar Dala bayan la'asar. Bargo ya kammala, saura gugar ƙarshe, an shimfiɗa shi a kan tabarma gefen tebur, fuskarsa sama. Yagana ta leƙo ta bayan labule, hannuwanta duk lalle, ta ce don Allah kada a goge mata shi a kan gwadon nan. Uban ya yaye gwado ya ninke kamar mai sallamar aboki. Ya ɗauko sabuwar shimfiɗar ya ce in kama masa.

"Baba Sule," in ji Yagana, "takardar bayan kaɗan-kaɗan ake ɓarewa, ana shafawa da hannu ana..."

"Na gane!"

Ni da na saba saɓule fatar kifi da ja ɗaya? Na kama bakin takarda na fizge, ƙyat, gaba ɗaya. Na ɗaga abu sama ina cewa, "Ka gani, bawana? Aikin Fulani."

Daidai nan aka kawo wuta. Ashe fanka a kunne aka bar ta. Iska ta ɗauki shimfiɗa daga hannuna kamar tuta, ta kifa ta a kan bargo, gam a ƙasa.

Jama'a, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. A cikin gida mata na guɗa, a zaure ko tari babu. Na sunkuya zan fizgo, sai na ji Ba Modu ya damƙe wuyan hannuna.

"Sule."

Tun da muke bai taɓa kiran sunana ba.

"In ka ja, ni da kai mun rabu."

Ya kashe fanka. Ya zuba gawayi a dutsen guga, ya jira ya yi ɗumi, yana kai shi kusa da kunci yana saukewa, har ya yi masa daidai. Ya ce zafi kaɗan zai sassauta gam, mai yawa zai narkar da shi cikin zare. Shi yana ɗora dutse, ni ina ɗaga gefe da ɗan yatsa, kamar faɗin ƙwayar shinkafa, in tsaya. Gumi na shiga idona, ba damar sharewa. Atamfa ta farko ta saki. Ta biyu ta saki. Aka kira la'asar muna durƙushe.

Mota ta yi ham a waje. Hajja Bintu, gwaggon amarya, ta faɗo zaure. "Modu, mata sun shiga mota, ina bargo?"

"Tsaya tukuna."

Ta ga abin da ke ƙasa, ta dafe ƙirji, ta fita da baya.

Muka iso kan lafaya. Ya ce, "Kada ka numfasa." Na ɗaga kaɗan, ta biyo. Na ƙara, ta biyo. Ya sake ɗora dutse, ya yi bisimilla, ya karɓa da kansa. Sai muka ji ƙyaaar, siririn sauti, kamar an yaga zuciyar mutum. Wani yanki kamar tafin hannu ya tafi da gam, farar auduga ta leƙo a tsakiyar bargo.

Yagana na tsaye a bakin labule. Hawaye na zuba, ga lalle a hannu, ba halin gogewa.

Ba Modu ya miƙe ya ɗauki almakashi, ya nufo ni. Na ce shi ke nan, yau Barebari za su rama duk abin da na faɗa.

"Juya."

"Bawana, a yi haƙuri, akwai buhu. Duba buhu mana!"

"Babu irinta. Juya, Fulata."

Koriyar shaddar da na sa don bikin, wadda shi ya ɗinka mini, ita ya kama ta baya ya yanke. Ya zauna ya sa facin da allura, a hankali, mota na ta ham. Ya goge bargon a kan tsohon gwadonsa, ya ninke, ya miƙa wa 'yarsa. Ni kuwa na ci bikin nan ina bin bango da baya kamar ƙadangare.

Shimfiɗar ma bai yar ba, kun san shi. Ya kafe ta a tebur da ƙusa, a karkace, yankin lafaya manne a kusurwa. Har ya bar duniya a kanta yake guga, kuma ban taɓa ganin dutse ya bi ta kan kusurwar nan ba.

Allah ya jiƙan Ba Modu, ya haɗa shi da Ya Kaltum a inuwa ɗaya. Ya yi masa sauƙin hisabi, kada a ce masa tsaya tukuna a ƙofar Aljanna. Amin.

Bayan sadakar arba'in, Yagana na kwashe kayan zaure, na je taya ta. Ta zazzage wani buhu, sai ta tsaya, ta ɗago wani koren yadi a ninke, mai laushi kamar ɓawon albasa.

"Baba Sule, ga ragowar lafayar Mama nan, ta isa facin har ta yi saura. To me ya sa ya yanki rigarka?"