Wayoyin da na tufka

Ranar Asabar ɗin da aka yi bikin raba kyaututtuka a firamarenmu ta Takur, shekarar da nake aji shida, ina tsaye a gefen teburi da sabon hijabina lokacin da jiragen ƙasa biyu na wasa, kowanne bai fi tsawon hannuna ba, suka yi karo a gaban iyayen yara. Jan jirgin ya ture baƙin, baƙin ya tuntsura daga kan teburi ya faɗi a siminti, wata ƙafarsa ta gangara har ƙarƙashin kujerar hedimasta. Sai aka waiwayo ana kallona, don an riga an sanar cewa ni na haɗa wayoyin.

Jiragen na Baba Yakubu ne, wani ma'aikacin gwamnati ɗan kudancin Kaduna da ke haya a gidan da ke jikin namu. Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne, shi kuma da aka tura shi kwas ƙasar waje, abin da ya zaɓa ya dawo da shi ke nan. Ya shimfiɗa layin dogon a kan falankin katako a falonsa. Sauran yara sukan leƙa su koma ga 'yar carafke da langa. Ni kuwa, da na gama wanke-wanke na cika randa daga famfo, sai ƙarƙashin falankin nan. Saman bai dame ni ba. A ƙasa aikin yake.

An raba layin gida takwas. Daga kowane gida siraran wayoyi biyu ke tafiya zuwa wani ɗan akwati mai fitilu takwas, wanda Baba ke kira akwatin rahoto. Jirgi ya shiga gida, fitilarsa ta kama, na'ura ta tsayar da na bayansa har sai na gaba ya wuce. Akwai kuma wayoyi masu kauri da ke kai wa layin wuta. Dokar Baba uku ce: a murɗe siraran nan bibbiyu, a nisanta su da masu kauri da taƙi guda, in kuma dole su haɗu, to su gitta juna su wuce, kada su jera. "Wayar wuta ihu take yi, ta rahoto raɗa take yi," in ji shi. "Ki haɗa su ɗaki ɗaya, wa za ki ji?" Gwiwarsa ba ta bari ya durƙusa, ni kuma kakata ta koya mini tufkar igiyar rama a cinya duk hutun da muka je Miga. Haka na tufka wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Da ya gani sai ya kira matarsa, Mama Rifkatu, ya ce ta zo ta ga hannu.

Da lokacin ritayarsa ya zo, ya yi magana da hedimasta. In jirgin ya yi aiki ranar biki, zai bar wa makaranta shi, a ware wa jirgin ɗaki, makullin a hannuna ko na wuce sakandare. In ba haka ba, zai tafi da kayansa. Muka kai falankin makaranta, na sake duba kowace waya, shi kuma ya tafi Kano neman takardunsa.

Ranar Juma'a hedimasta ya kira Baffa Sale, ƙanen mahaifina mai wayarin ɗin gidaje, ya jawo wuta zuwa ajin da aka ajiye falankin. Soket kawai aka ce ya sa. Ya leƙa ƙasan teburi ya yi tsaki. "Wannan wane irin kitson mahaukaciya ne?" Na ce, "Baffa, don Allah kada ka taɓa, haka ake yinsa." Ya ce shekararsa ashirin yana wayarin tun ba a haife ni ba. Ina kallo ya warware tufkata, ya miƙar da wayoyin, ya haɗa sirara da masu kauri dami guda, ya ɗaure da robar tayar keke. Gaskiya ya yi kyau a ido. Na yi kuka, ya ce in tafi gida ko ya haɗa ni da Abba.

Baba Yakubu bai iso ba sai da baƙi suka zauna, an lulluɓe teburin da zane har ƙasa. Na nufe shi, malamarmu ta fizgo ni ta mayar da ni gefen teburi. Ana kunnawa fitilun suka shiga ƙyaftawa kamar masu zazzaɓi: gidan da babu jirgi ya ce akwai, na'ura ta tsayar da baƙin jirgin ba dalili, ta saki jan a bayansa.

Ban yi shiru ba. Na nuna Baffa, da ke cikin 'yan kallo, da yatsa a gaban kowa na ce shi ne. Wannan yatsa shi ya zama laifin ranar, ba jirgin da ya karye ba. A gida na sha mari, aka sa na durƙusa na ba Baffa haƙuri. Umma ta ce, "Ko ke ce da gaskiya, ba a kunyata babba." Baba Yakubu ya ɗaga zanen ya ga damin, ya san komai, amma baƙo ne mai shirin tafiya, bai so rigima da maƙwabta. Ya dafa kaina kawai. Bayan sati biyu motar kaya ta tafi da jiragen. Falankin ya yi nauyi aka bar mana shi, Umma ta riƙa shanya kuɓewa a kai.

Yanzu ina haɗa sola a gidajen Dutse, bayan na sha jin cewa ba aikin mace ba ne. Bara na'urar solar Baffa ta riƙa nuna masa batir a cike alhali babu komai, ya aiko a kira ni. Na buɗe na tarar da dami guda, an ɗaure da roba. Na raba wayoyin, na tufka siraran, yana tsaye a kaina yana kallo. Na jira ko zai tuna. Ya ce, "Allah ya yi albarka, ashe kin iya."

Tun ina shekara goma sha ɗaya na iya, Baffa. Jirgin ne dai ba zai dawo ba.