Baba Kunne da Robar da Aka Daina Yi

Motar Malama ta tsallake gwajin lafiyar motoci ranar Laraba, bayan ta faɗi sau biyu. Da ta sake faɗuwa, da 'yan gwangwan za su kwashe ta, don 'ya'yan Malama sun riga sun yi magana da su. Wanda ya hana hakan bakanike ne mai shekara saba'in da ɗaya, Baba Kunne, a garejinsa na bayan tasha.

Shekara arba'in da huɗu ke nan yana buɗe garejin da ƙarfe bakwai. Ya share bakin ramin da yake shiga ya duba ƙarƙashin mota, ya jera sifanoni daga ƙarama zuwa babba, sannan ya kashe rediyo, domin da kunne yake aiki.

Malama tsohuwar shugabar makaranta ce. Motar ta marigayi mijinta ce, ta haura shekara hamsin. Duk ramin da ta faɗa sai gabanta ya yi ƙwas-ƙwas, a kwana kuma ta karkata. Baba Kunne ya shiga gaba, Malama ta ja su zagaye ɗaya.

"Bushin ne," in ji shi. "Robar da ke riƙe sandar da ke hana mota karkata. Wa ya lafta mata giris?"

"Surukina."

"Allah ya shirye shi. Giris cin roba yake. Ki bar masa wanki kawai."

"Za ta yi ko ba za ta yi ba? Kada ka ja mini rai, Malam."

"Haba Malama. Ta girmi surukin naki, ta kuma fi shi jin magana."

An daina yin irin robar tuntuni. Ya zaga shaguna tara, babu. Sai ya samo tayar babbar mota, ya auna kaurin sandar, ya yanka da wuƙa. Hannunsa na rawa yanzu. Mai walda na kusa da shi ya ce a idonsa ya jefar da guda shida kafin biyu su yi daidai. Ya zura su da ruwan sabulu, bai ɗaure notunan ba sai da aka sauke motar daga jak, nauyinta ya zauna a ƙasa. In aka ɗaure tana sama, in ji shi, robar murɗewa take ta yage.

Kai ne, Baba Kunne, ba ka taɓa ce wa mai mota "sai dai a sayar" ba sai ka shiga ƙarƙashinta ka gani. Mun gode. Ku kuma masu gareji na yanzu, ku je bakin raminsa ku tsaya ku kalla kafin ƙarshen wata. Likita ya hana shi kwanciya ƙarƙashin mota, a ƙarshen watan zai rufe garejin.

Ya ce a dawo da motar in ta yi kilomita dubu, a sake matse notunan. Malama ta ce a irin tafiyarta sai ta yi wata uku. Har jiya ba a san wanda zai matse su ba.