Filin Bayan Shagon Kujeru

Warin gam da ƙamshin ɗanyar ciyawa ne suka tarbe mu a safiyar Lahadin nan. Har yau idan na wuce inda ake yankan ciyawa, sai ranar ta dawo mini.

Mama tana ɗinkin rigunan kujeru a wani ƙaramin shago a East Greensboro. Mai shagon dattijo ne ɗan ƙasar Ailan, mu 'yan zango, baƙi mazauna garin, muna ce masa Baba. Da hutun bazara na kama aiki a wurinsa, ina cusa soso ina share ƙyallaye. Idan muka zauna cin abinci sai ya ɗauko hirar ƙauyensu: 'yan gidaje a gindin tudu, masana'antar man shanu guda ɗaya, filin wasa a bayanta. Ya ce ranar da 'yan matan ƙauyen za su buga ƙwallonsu ta sanda, har injin madara kashewa ake yi, kowa ya tafi kallo. Ni kuwa sai in lumshe ido, in ga koren tudun, in ji sowar mutanen da ban taɓa gani ba.

A bayan shagon yana da fili, duk ƙaya da tsofaffin tayoyi. Mu 'yan mata ba mu da wurin buga ƙwallo. Filin da jama'armu ke samu duk Asabar na maza ne, namu riƙon ruwa. Rannan na yi ta maza na roƙi Baba filin nasa.

"Ku share shi, ya zama naku," in ji shi. Da hannunsa ya miƙo mini manjagara.

Ni da ƙawayena muka ƙarar da bazarar a filin. Muka tumɓuke ƙaya, muka mirgina tayoyi zuwa bakin titi, tafin hannuna ya yi kanta. Da yamma Baba yakan fito da lemo mai sanyi, ya nuna mana lungun da ya rage.

"Ke da ko tsintsiyar ɗakinki ba kya ɗauka," in ji Mama, "yau kin zama manomiya?"

Amma ita ce ta ɗinka mana riguna da ragowar koren yadin kujera. Da na gwada tawa, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Allah Ya sa kada wani ya gaji ya zauna a kanki."

Muka aro injin yankan ciyawa, muka ja layuka da farar ƙasa, muka gayyato 'yan matan Najeriya su zo mu kara ranar Lahadi. Da muka iso, mun tarar an kewaye filin da waya, an sa kwaɗo. An kakkafa turaku masu jan ƙyalle a kan layukanmu, ga katafila a tsakiyar fili.

Na shiga shago da koriyar rigata. Baba yana shafa gam a jikin wata kujera, bai ɗago ba.

"Abin ya zo da gaggawa, 'yata. Ni ma jiya na ji."

Na yarda. Har tausayinsa na ji. Mama da ta biyo ni ta kama hannuna ta ce, "Mu tafi." Ta koma aiki ranar Litinin, amma daga ranar ba ta sake ce masa Baba ba, sai mai shago. Na daɗe ina ganin ta yi masa tsauri.

Bayan na gama jami'a, a wani taron suna, na haɗu da direban da ke kai wa shagon kaya a wancan lokacin. Shi ya gaya mini an gama cinikin filin tun kafin hutu. Sharaɗin mai saye ɗaya ne: a miƙa masa shi a share, ba ƙaya, ba taya.