Ranar da Na Goya Baba a Kan Katako

A daminar da ruwa ya cinye 'yar gadar ƙauyenmu, can wajen Taura, katako ɗaya tal aka shimfiɗa a kan kwazazzabon, dogo, irin wanda magina ke takawa a saman gini. A wannan daminar ce ciwon ƙafa ya kwantar da mahaifina. Na taso daga Dutse da mota don in kai shi asibiti, amma dole motar ta tsaya a ƙetare. Babu yadda za a yi sai goyo.

Da na goya shi na ji ba nauyi, abin ya sosa mini rai. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana hawa katako da kwanon siminti a ka, yau ga shi kamar dami ɗaya na kara.

Ni kuwa ɗan ofis ne, na saba tafiya a kan tayil, taku daidai wa daida, ga gaggawar in rabu da wurin. Da farko lafiya lau. Can sai katakon ya fara amsa mini. In na taka ya lotsa, in na ɗaga ya taso, takuna na gaba kuma ya same shi daidai lokacin da zai koma ƙasa, in ƙara masa. Kowane lilo ya fi na bayansa. Jan ruwa yana gudu a ƙarƙashinmu, tsoro ya kama ni.

"Tsaya," in ji Baba a kunnena, ko murya bai ɗaga ba. "Kai kake zuga shi. Bari ya huce."

Na tsaya cak a tsakiya. Ban motsa ba, amma katakon bai daina ba. Sama, ƙasa, sama, yana raguwa a hankali, ina jin sa tun daga tafin ƙafa har haƙorana. Ban taɓa sanin busasshen itace yana riƙe motsin mutum ya mayar masa ba. Tsoron ya koma mamaki, har na sami kaina ina tasbihi.

"To, yanzu ja ƙafa, kar ka buga. Gajere. Dakata. Dogo. Kar ka bari ya gane tafiyarka."

Daga nan ya daina magana, sai dai ya matsa kafaɗata in lokacin taku ya yi. Waɗanda ke jiranmu a ƙetare sun ce idonsa a rufe yake. Ta bayana yake jin katakon.

Da na zaunar da shi a mota ya ce, "Ka riƙe yadda muka yi. Ba lallai in dawo da bakina ba."

Da bakinsa ya dawo, alhamdu lillahi, har da ƙafarsa. Ya ƙi goyo, ya hau yana dogara sanda, katakon ko gezau bai yi ba. Na biyo shi da jakar magani kawai, katakon yana ta rawa a ƙarƙashina.